Ta yaya kuke gano wuraren ɗaukar hoton titi a garin da ba ku sani ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu harkar hoto. Wata matsala ce ta sha mini kai. Zan je wani babban birni, zuwa da dawowa a yini ɗaya, don ɗaukar hotunan mutane a titi suna harkokinsu. Amma duk inda na duba a intanet, wuraren 'yan yawon buɗe ido ake nuna mini, waɗanda aka ɗauka har an gaji.

Na gwada Street View na Google Maps. Yana nuna fasalin titi, amma ba ya faɗin ƙarfe nawa wurin ke cika, ko ta ina rana ke haskawa. Nan ne damuwata: kafin in isa, hasken safiya mai laushi ya wuce, sai rana tsaka mai zuba inuwa a idanun mutane.

In kafe ne a wuri ɗaya, kamar bakin tashar jirgi ko gadar masu tafiya a ƙafa, ko in yi ta zagaye? Lensin kamara na 35mm kaɗai gare ni, wanda ba ya jawo abin da ke nesa, don haka dole sai na matsa kusa da mutane. Don Allah waɗanda suka saba, da me kuke zaɓen unguwa tun kafin ku tashi?