Musayar Waƙa: Na Sauya Zaure a Tafarkin Buddha

Matafiyi:
Na bar ƙungiyar da na daɗe cikinta, 'yan'uwa,
Ba fushi ya kore ni ba, tambaya ce ta hana ni zaunawa.
Dokoki biyar ke kan mabiyi, kowa ya iya lissafawa:
Ban da kisa, sata, lalata, ƙarya da abin bugarwa.
Babban malaminmu ya taka ta uku, aka ce mu kama baki da tankawa,
Wai malami ya wuce doka, hikimarsa ta fi ƙarfin ganewa.
Na koma inda Vinaya, dokar sufaye, ke hawa kan malami tun farawa,
Ƙa'ida 227, babu wadda girma ke gogewa.

Mazauni:
Sannu ɗan'uwa, na ji kukanka, ba na musantawa,
Amma raba kan Sangha, jama'ar sufaye, na cikin laifuka biyar mafi munanawa.
Devadatta, ɗan'uwan Buddha, ya gwada, ka san yadda ya ƙarewa.

Matafiyi:
Devadatta jama'a ya ja, shugabanci yake nemawa,
Ni kaɗai na fita, ko mutum guda ban yi wa kiran biyowa.
Kimanin shekara 100 bayan Buddha, a Vesali ta Indiya an yi zamawa,
Sufaye 700 kan batu goma suka yi tantancewa,
Har da karɓar zinariya da azurfa, suka ce ba halattawa.
In tambaya laifi ce, su ma sai ka yi musu tuhumawa.

'Yar Nazari:
Ku ba ni wuri, maza, kun cika zauren da kacaniyar faɗawa!
A Japan, 1991, ɗariƙar Nichiren Shoshu ta yi korawa,
Ta yanke ƙungiyar mabiyanta, Soka Gakkai, aka wayi gari da rabuwa,
Zikirinsu Nam-myoho-renge-kyo kuma bakin kowa yana rerawa.
A 2009 kusa da Perth ta Ostireliya, mata huɗu a matsayin sufaye aka yi wa naɗawa,
Malami Ajahn Brahm ya tsaya musu, cibiyar sufayensa Wat Pah Pong ta yi masa sallamawa.
Alhali Mahapajapati, wadda ta yi wa Buddha renon uwa,
Ita ce mace ta fari da ya buɗe wa ƙofar shigowa.
To Matafiyi, sabon gidan naka, mace na samun naɗuwa?

Matafiyi:
Kin kama ni, 'yar'uwa. A'a, ba sa naɗawa.
Na tambaya tun ran farko, aka ce layin naɗin mata ya yi yankewa.
Hujjar ba ta cika mini ciki ba, ina nan ina maimaitawa,
Sai dai a nan in na tambaya, ba a nuna mini ƙofar ficewa.

Mazauni:
Ni dai ina nan. Waɗanda aka cuta ba duka ke iya tashi ba kuwa,
In masu baki sun watse, wa zai tsaya musu gun shaidawa?
Ran taro zan miƙe da batun doka ta uku, ba ja da baya ko ɓoyewa,
Turo mini abin da idonka ya gani a rubuce, ina jiran karɓawa.