Karya alƙawarin rashin gogayya bayan ƙarewar kwangila

Idan ana tattauna wannan batu, abu ɗaya aka fi nanatawa. Wanda ya yi kasuwanci da sunan wani kamfani, ya sa hannu ba zai yi gogayya da shi ba bayan rabuwa, sauke allon sunan bai wadatar ba. In ya ci gaba da sana'ar a shagon, kotu na iya dakatar da shi, ta ɗora masa diyya, wani lokaci har da kuɗin lauyan kamfanin. Fakewa da sunan mata ko ƙane kuwa, tsohuwar dabara ce, alƙalai sun san ta. Amma ana duba tsawon wa'adi da faɗin yanki: a Tarayyar Turai yawanci shekara 1 ce, jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa galibi ba ta amincewa da sharaɗin.