Wai ragowar sufanoba ce ke harba kosmik re har zuwa gwiwa?

Habibu: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, ragowar taurarin da suka fashe, wato sufanoba, su ne ke harba kosmik re ɗin galaksinmu, wato ƙwayoyin nan masu tsananin ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya, har wajen PeV 3 (PeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne), gurin da ake ce wa gwiwa saboda daga nan yawansu ke ƙara faɗuwa da sauri. Shok ɗinsu, wato igiyar da fashewar ke turawa cikin iskar da ke kewaye, dubban kilomita yake ci a sakan ɗaya.

Sadiya: Yaya Habibu dakata, an ce shok ɗin nan ba karo a cikinsa, to me ke tare iskar in ƙwayoyin ba sa bugun juna?

Malam Ɗanjuma: Sadiya filin maganaɗisu ne ke aikin. Firoton a iskar rana, wato ƙwayoyin da rana ke fesowa, sai ya yi tafiya kamar daga rana zuwa duniya bai bugi ɗan'uwansa ba, amma ga shok nan a gaban duniyarmu taurarin ɗan'adam suna ratsa shi. Filin ne ke tanƙwara ƙwayar, ta tsallaka shok ta dawo ta sake tsallakawa, kowane zuwa tana ƙara ƙarfi. Tunanin masanin fiziks Fermi ne na 1949, masana irin su Bell suka ɗora shi kan shok wajen 1978.

Habibu: Yauwa Malam. Kuma a 1995 tauraron ɗan'adam ASCA ya hango eksre a gefen ragowar sufanoba SN 1006, shaida ke nan ƙarara.

Anti Zainabu: Habibu wannan ilektron ne fa, mu kuwa firoton muke magana don su ne mafi yawan kosmik re. Na yarda a 2013 madubin hangen gamma na Fermi-LAT ya ga alamar firoton a ragowar sufanoba IC 443 da W44, amma ƙarfinsu bai ko kusanci gwiwa ba, kuma ragowar Kasiyofiya A da take yarinya ɗanya hasken gammanta yana karyewa tun a 'yan TeV, alhali PeV ɗaya TeV 1000 ne. Ina sauran?

Habibu: Anti ki dubi hoton eksre da tauraron ɗan'adam Chandra ya ɗauka na ragowar Tycho mana, bakin nan siriri kamar zare. Ilektron na rasa ƙarfinsu da wuri ne saboda filin ya kai maikrogaus 100 ko fiye (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan), na tsakanin taurari kuwa 'yan ƙalilan ne, wato ƙwayoyin da kansu suke kumbura filin da ke riƙe su, abin da Bell ya lissafa a 2004. A shekarun farko na fashewa za su iya kai PeV sannan su tsere.

Anti Zainabu: "Za su iya" ba gani ba ne ƙanina. Cibiyar hangen sama ta LHAASO a Sin ta fitar da gurare 12 masu fitar da hasken gamma mai tsananin ƙarfi a 2021, haske mafi ƙarfi PeV 1.4 daga yankin sama na Signus ya zo, inda manyan taurari matasa suka yi dandazo suna hura iska. Ni can zuciyata ta fi karkata wallahi.

Malam Ɗanjuma: Hajiya can ɗin ma ai shok ne marar karo, kuma akwai yiwuwar sufanoba sun fashe a cikin dandazon.

Anti Zainabu: To a nuna min ragowa guda ɗaya tak da aka tabbatar firoton ɗinta sun kai PeV 3, yau ɗin nan zan janye.