Mu samo wa "virtual circuit" suna: ni burtali na zaɓa

'Yan'uwa masu harkar sadarwar kwamfuta, ina neman shawararku, musamman ku da ke koya wa ɗalibai saita rauta (na'urar da ke nuna wa saƙo hanyar da zai bi) da sabar da ke haɗa ofisoshi masu nisa da juna. Me za mu riƙa kiran "virtual circuit" da Hausa?

A ce babban ofishi yana Kano, rassansa na Katsina, Zariya da Gusau. A da, kowane reshe sai an kama masa hayar layinsa daban. Da tsarin X.25 ya fito a 1976, daga baya Frame Relay da ATM suka biyo (ba na'urar cire kuɗi ba), sai ya zama waya ɗaya tak ke fita daga Kano zuwa kamfanin sadarwa, amma a cikinta akwai hanyoyi uku da ba sa cakuɗuwa. Kowace ɗaya daga cikin hanyoyin nan ita ce "virtual circuit". Lamba ce ke raba su. Tun kafin saƙo ya tashi an tsara ta inda zai bi, kuma ƙunshe-ƙunshensa na isa bi da bi yadda aka turo su.

Wani ɗan'uwa ya kawo "layin bogi". Malam, ka yi haƙuri, wannan kam ban yarda da shi ba. Hanyar da albashin mutane ke bi ba a ce mata bogi, ɗalibi zai ɗauka ta damfara ce. "Layin gaibu" ya yi nauyi, kalmar tana da mazauninta a addini. "Keɓaɓɓen layi" kuwa a bar wa layin haya, shi ne naka kai kaɗai.

Ni "burtalin saƙo" nake gani. Burtali ba mallakar makiyayi ba ne, an dai shata shi tsakanin gonaki, an san inda ya fara da inda ya ɓulle, shanu na bi a jere ba sa fantsama. Aikin ke nan.

Kuma sunan yana ɗaukar sauran kalmomin ba tare da an matsa masa ba. Wanda kamfani ya kafa ya bar shi dare da rana, wato PVC, burtalin dindindin. DLCI ta Frame Relay, wato lambar da ke raba hanyoyin, lambar burtali. Wajen saiti, za ka buɗe ƙofar rautar da wayar kamfani ta shiga, ka sa mata Frame Relay, ka ce lamba 102 Katsina ta nufa, ka ɗaura ta da adireshin IP na can. Lambobin da ake ba mai haya daga 16 suke farawa, na ƙasa da haka an ware su, kamar 0 da na'urori ke tambayar lafiyar juna da ita. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne lambar tsakaninka da na'urar kamfani kawai take da ma'ana. Burtalin da Kano ke kira 102, Katsina na iya kiransa 201. Idan ka duba halin da burtalin ke ciki a rauta, amsa uku ce: burtali na aiki, ko bakinsa na can bai tashi ba, ko kamfani bai san lambar da ka rubuta ba. A ta ukun, fara duba abin da ka buga kafin ka kira su.

Wata malama ta ce ai burtali ana ganinsa da ido. Gaskiyarki, Malama. Shi ya sa na haɗa shi da "saƙo", mai ji ya san a cikin na'ura aka shata shi.

Inda na tsaya shi ne SVC, wanda ake buɗewa lokacin buƙata a rufe in an gama. "Burtalin wucin gadi" ko "burtalin kira"? Na fi karkata ga na biyu, don kamar kiran waya ake kafa shi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku ma ku sa baki, wanne ya fi zama a kunnenku?