Masu gadon haɗarin sankarar gidan ƙwai da ta mahaifa, yaya kuka yi?

Mai tambaya, daga Makka:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifiyata ta rasu da sankarar gidan ƙwai tana da shekara 52, ƙanwarta kuma ta kamu da ta nono tun ba ta kai 45 ba. Da aka gwada jinina, sai aka tarar ina ɗauke da tawaya a ƙwayar gadon da ake kira BRCA1. Likita ta bayyana mini cewa a cikin mata 100 masu irin wannan tawaya, kusan 40 kan kamu da sankarar gidan ƙwai a tsawon rayuwarsu, alhali a sauran mata abin bai wuce ɗaya ko biyu ba. Shawararta ita ce a cire gidajen ƙwai da bututunsu tsakanin shekara 35 da 40. Shekarata 34, 'ya'yana biyu, maigida kuma yana fatan ƙari. Wadda ta taɓa shiga wannan hali ta taimaka mini da abin da ta gani.

Daga Jidda:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni tawa tawayar a 'yar'uwar taki take, wato ƙwayar gadon BRCA2, wadda akan jinkirta aikinta zuwa tsakanin 40 da 45, kuma an yi mini ina da 42. Da farko na ƙi, na ce a bar ni ina zuwa hoton ciki da gwajin jinin CA-125 mai neman alamar sankarar gidan ƙwai duk wata shida, sai likitan ya gaya mini gaskiya cewa waɗannan gwaje-gwajen sukan kasa gano cutar tana ƙarama, domin sau da yawa a bututu take farawa, ba ta kuma yin alama sai ta bazu. Aikin kansa bai ba ni wahala ba, ƙananan huji uku aka yi a cikina, washegari na koma gida. Abin da ya girgiza ni shi ne ɗaukewar al'ada farat ɗaya. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, amma sai in farka ƙarfe biyun dare rigar barcina sharkaf da zufa, ga saurin fushi da yarana suka rasa gane kansa. Da yake ban taɓa yin sankarar nono ba, an ɗora ni a kan maganin da ke maye gurbin sinadaran da jiki ya daina samarwa, wanda kuma yake kare ƙashi, na sami sauƙi ƙwarai. Ki tambayi wannan kafin aiki, kuma ki tafi da maigidanki ya ji da kunnensa, domin nawa bai sauko ba sai da likita ya zana masa lissafin a takarda.

Daga Madina:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Namu gadon ta wajen uba ya zo, abin da mutane da yawa ba su san yana yiwuwa ba. Sankarar hanji ta ɗauke mahaifinmu da ƙaninsa, aka gano muna da abin da likitoci ke kira Lynch, mai jawo sankarar mahaifa ga mata. Yayata ta yi wata huɗu tana ganin jini tsakanin al'ada tana cewa gajiya ce, ashe cutar ce, amma Allah Ya sa an cire mahaifar da wuri. Ni duk shekara biyu ake duba hanjina da kyamara. Kada kuma kowa ta dogara da gwajin kafin aure da aka wajabta a ƙasar nan tun 2004, domin sikila da talasimiya (wani ciwon ƙarancin jini na gado) da wasu cututtuka masu yaɗuwa yake nema, ba wannan ba.

Daga Riyad:
Yayyena, ni shekarata 27, ban yi aure ba, kuma ni ma ina ɗauke da tawayar gadon. An ce mini ƙwayoyin tazarar haihuwa suna rage haɗarin sankarar gidan ƙwai da kusan rabi, sai dai a auna wannan amfanin da haɗarin sankarar nono tukuna. Damuwata ita ce kakata, wadda ta ce in rufe bakina kada manema su gudu. Na dai sanar da 'ya'yan kawuna da ke Kano, tunda kowane ɗa ko 'yar mai ɗauke da tawayar yana iya gadonta, rabi da rabi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Anti ta Jidda, maigida ya amince zai raka ni ranar Lahadi, kuma na rubuta tambayar maganin nan a saman takardata. Wata nawa kika yi kafin zufar daren ta lafa?