Neman shawara: makarantu biyu sun ba ni gurbin MBA (digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci), da wane ma'auni zan zaɓa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaya shekara biyu ake yi, tana can sama a jerin makarantun MBA na jaridar Financial Times. Ɗayar shekara ɗaya ce, ta fi sauƙin kuɗi, amma tana ƙasa. Kaina ya ɗaure. Wacce za ta fi biya na gwargwadon abin da zan zuba?

Wani babban yaya: Wa alaikumus salam ƙanena. Jerin nan ba tambayarka yake amsawa ba. Yana ba albashin tsofaffin ɗalibai, shekara 3 bayan kammalawa, nauyi sosai. To makarantar da ke tsince masu babban maki a GMAT, jarrabawar neman shiga MBA, waɗanda da ma suna kan manyan ayyuka, ina mamaki don albashinsu ya yi sama? Ka duba nawa albashin ya ƙaru daga kafin shiga zuwa bayan fita. Nan ne hannun makaranta yake fitowa.

Wani malamin jami'a: Akwai hanyar lissafi da ake kira DEA, wadda Charnes da Cooper da Rhodes suka fitar a 1978. Ana jera abin da makaranta ta ci, wato kuɗin karatu, yawan malamai da makin ɗaliban da ta ɗauka, a gwada da abin da ta fitar, kamar albashi da samun aiki. Ƙaramar makaranta tana iya doke mai suna a wannan awo. Sai dai da ka sauya abubuwan da ka jera, sakamakon ma zai sauya, don haka kada ka haɗiye lamba ɗaya ba tauna.

Wata 'yar uwa: Ni ta shekara biyu na yi, kuma kuɗin makaranta kaɗai na lissafa. Sai da wata ya ƙare babu albashi na gane ashe na wata 24 na sadaukar. Shi ya sa irin tsarin makarantar kasuwanci ta INSEAD na wata 10 ke jan mutane. Amma fa aikin gwaji na hutun tsakiya ne ya buɗe mini ƙofar sauya sana'a. Ka tambayi makarantun kashi nawa na ɗalibansu suka samu aiki cikin wata 3, kuma mutum nawa ne ma suka ba da bayanin. Ka kuma tabbatar suna da shaidar tantance ingancin makarantun kasuwanci, kamar ta AACSB ko EQUIS ko AMBA.

Mai tambaya: Na gode Yaya, Malam da Anti. Ba sana'a zan sauya ba, gaba nake son yi a inda nake. Bari in nemi alƙaluman ta shekara ɗayan tukuna.