Shawarwari ga dangin wanda ya rasu 'yan sanda na bin sa

Bayan sadakar uku ta wani matashi da ya rasu lokacin da 'yan sanda suka biyo babur ɗinsa, majalisar unguwarmu a Katsina ta daɗe tana tattauna abin da ya kamata dangi su yi.

Malamai suka ce tawakkali ba ya hana neman haƙƙi, kisan kuskure ma akwai diyya a kansa. Kada a matsa wa uwa ko mai takaba ta ce ta yafe, a bari hankalinta ya dawo jikinta.

Wani lauya a cikinmu ya fi tsayawa kan shaida. Muna gaggawar kai mamaci makwancinsa, kuma daidai ne, amma kafin a ɗauki gawa a karɓi rahoton likita, a ɗauki hoton babur da wurin, a rubuta lambar motar sintiri da sunayen shaidu tun ba su watse ba. Ya ja kunne cewa dokar kare ma'aikatan gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙarar neman diyya, jinkiri na iya kashe magana. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare haƙƙin rayuwa. Marar kuɗin lauya ya kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, kyauta ne.

An saɓa kan sulhu. Dattawa na son a kashe wutar a gida. Ni dai in za a karɓi kuɗi, a yi a rubuce, a ware kason marayu.